Giginyar Makwarara

Labo ma'aikacin ofore ne, masu tsaron dajin gwamnati, kuma a Gaya an fi sanin gudumarsa da fuskarsa. Guduma ce ta ƙarfe mai tambari a baki. Itacen da ya buga wa ita a gindi ya halatta ga gatari. Wanda bai buga wa ba kuwa, ko reshe ka karya sai ka yi bayani a gaban kumandan, mai mulkin yankin. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, farin kumandan ya tafi, baƙi ya hau kujerar, amma daji bai ji labari ba. Yana nan a rufe yadda Nasara ya bar shi.

Ban da guduma, Labo ya gaji wani abu daga Nasara, wato yawon Lahadi. Ya sha rakiyar su zuwa Makwarara, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse idan damina ta kankama, su shimfiɗa bargo su ci kifin sardin na gwangwani suna kallon ruwa, sai ka ce ba su bar babban kogin nan, Isa, a bayan gari ba. Yanzu da ƙasa ta zama tamu, Labo ya ce shi ma iyalinsa za su gani. Matarsa Madina ta dama fura, 'yarsa Fadima 'yar shekara takwas ta saka rigar lakwal, wato makarantar boko, don ita ce mai kyau.

Har sun kai ƙofa sai tsohuwarsa, Inna Ajuma, ta fito da sandarta.

"Inna, akwai hawa fa," in ji Labo.

"Na sauko shi da kai a goye, ga tukunya bisa kai. Mu tahi."

Gaskiya ta faɗa. A gindin dutsen nan tungarsu take kafin a tashe su a ce daji na gwamnati ne. Shekara talatin da 'yan kai ba ta sake taka wurin ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Aka ɗora ta a jaki har bakin daji, daga nan aka ɗaure shi aka shiga da ƙafa. Tafiyar ba ta da tsawo. Hanyar ta bi ta ƙarƙashin marke da ƙirya, ƙasa da laima, birai suna tsalle a sama Fadima tana ƙirga su. Labo na gaba cikin kakinsa yana faɗin sunayen itatuwa da Faransanci, ba wanda ya tambaye shi. Tsohuwa na baya riƙe da kafaɗar Madina, don yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance haske da inuwa.

Da surukarta take magana, amma murya ta kai kunnen Labo.

"Akwai wani falalen dutse ƙasa da ruwan, inda muka wanki. Taki bakwai daga nan, wajen gabas, na dasa ƙwallon giginya ranar da anka tashe mu. Waccan na kwance nan. Ina so in dafa icen kafin Allah ya yi kira."

"Wacce, Inna?" in ji Madina.

"Ta farin."

Labo ya tsaya cak. Ya san an yi wata kafin shi, ta rasu tana ƙarama, iyakar saninsa ke nan. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kuma yin zancenta, kunya ce ta gado. Inna Ajuma ta riƙe kunyar nan da kyau, har mutuwa ba ta sa ta saki ba. Ko sunan yarinyar Labo bai taɓa ji ba.

Falalen dutsen kuwa ya san shi. Giginyar ma ya san ta. Namiji ce, ita kaɗai a tsaye, miƙaƙƙiya kamar taɓarya. Bara da rani, da aka ce a nemo azara don rufin sabon lakwal, shi da kansa ya zagaya dajin kwana uku yana neman wadda ta ƙosa, ya buga mata guduma, har kumandan ya yaba masa da ido.

Kunya da tsoro suka kama shi lokaci guda. Ya fara lissafin giginyoyin da ke kusa. Akwai wata a hayin rafi, mai irin kaurin. Tsohuwa ba ta gani, in aka ɗora hannunta a kan wannan, wa zai ce ba ita ba ce?

Suka ji ƙugin ruwan kafin su gan shi. Da suka fito fili, ga shi yana faɗowa daga tsayin kamar gaba biyar, ja-ja saboda ruwan da aka yi shekaranjiya, feshinsa na jiƙa fuska. Fadima ta tuɓe takalmi ta ruga. Madina ta ce lalle Nasara ba su da aikin yi, amma ita ma ta daɗe tana kallo.

"Inna, mu ƙetare ta nan," in ji Labo, ya kama hannunta. "Giginyar na hayi."

"Hayi? Ruwan na hannuna na hagu in na fuskanci gabas. Ko dutsen ma kun tashe shi?"

Ta zare hannunta. Ta bi ƙarar ruwan tana dogara sanda har sandar ta yi ƙwas a kan falalen. Ta hau, ta juya, ta ƙirga. Takunta ya gajarta da tsufa, sai da ta yi goma. Ta miƙa hannu daidai ƙirji, inda ya kamata gangar itace ta tare ta, hannun ya wuce cikin iska. Ta sunkuya a hankali ta lalubo kututture, ta shafa samansa inda gatari ya ci, ta gangara gefe har yatsanta ya faɗa cikin tambarin. Ta san shi. Kullum gudumar a rataye take a ɗakinta, don nan ne yara ba sa taɓawa.

Labo ya cire hularsa ya tsuguna.

"Inna, ban sani ba."

"Wa ya gaya maka da za ka sani?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta zauna a kan falalen ta tambaye shi kamar mai tambayar farashin gero.

"Ta yi tsawo?"

"Duk dajin ba kamarta."

"Mace ko namiji?"

"Namiji."

"Shi ya sa. Da ta yi 'ya'ya da kun bar ta." Ta juyo wajensa. "Ina kunka kai ta?"

"Rufin lakwal, Inna. Azara goma sha shida ta bayar."

"Inuwar giginya, na nesa ka sha," in ji tsohuwa.

Madina ta zuba fura a ƙwarya, aka sha, don an riga an kawo ta. Labo ya mayar da ƙwaryar bai kurɓa ba. Ruwa ya ci gaba da zuba abinsa.

Da za su tashi, Inna Ajuma ta kira Fadima, wadda ta dawo jiƙe sharkaf, ta riƙe ta a wuyan hannu.

"Ke, ɗakin da kuka karatu, yana zuba in an yi ruwa?"

"Ko ɗigo, Kaka."

"To. Gobe in kin shiga, kafin mushe, malaminku, ya zo, ki ɗaga kai sama ki ce, Aisata, innarki na gaishe ki."

Labo na tsaye da hula a hannu. Ranar ya fara jin sunan yayarsa.