Sawun Allurar Inna

Sandar da ke cikin durowar kayanta ce ta karye da hantsi, ƙaras, riguna suka zubo ƙasa kamar an juye buhu. Auta ta tsaya a kansu da hanga a hannu. Cikin tulin akwai waɗanda ko takardar shago ba a cire musu ba, har da wata shuɗiya da za ta iya rantsewa ba ta taɓa gani ba, alhali ita ta sayo ta. Kunya ta kama ta, ita kaɗai a ɗaki. A nan ta yanke shawara: ta daina sayen sabon kaya. Abin da ke ƙasan nan shi za a riƙa farkewa ana sake ɗinkawa, har ya ƙare.

Shawarar ba ta yi mata wuya ba, wurin kai ɗinkin ne ya tsaya mata a rai. Mahaifiyarta tela ce, shekara arba'in tana kan keke, amma rabon Auta da sa ɗinkin Inna shekara ashirin ke nan. Tana 'yar sakandare wata ta ja mata hannun riga a gaban mutane ta ce, "Wannan ai ɗinkin gida ne," aka kwashe da dariya. Daga ranar ta ƙi. Inna ta ci gaba da ɗinka wa yayyen Auta da 'ya'yan maƙwabta. Yanzu ga idon tsohuwa yana dushewa, likita ya ce ba mai dawowa ba ne. In Auta ba ta sa ɗinkin uwarta bana ba, to ba za ta ƙara sawa ba har abada.

Da ta je gidan Inna ta same ta zaune a bakin taga, keken a gefenta an lulluɓe shi da tsohon zane. Ta gaishe ta, ta ajiye riguna uku a kan cinyarta.

"Shagunan duk sun rufe ne?" in ji Inna.

"Na daina saye, Inna. Kayan sun yi yawa, ɓarna ce kawai."

"Af. Ashe ɓarna ce ta kawo ki."

Maganar ta soki Auta, ta haɗiye. "So nake ki fitar mini da riga ɗaya daga cikinsu."

Inna ta juya shuɗiyar, ta bi cikinta da yatsu. "Yadin na kirki ne, ɗinkin ne na ganin dama. Dubi, ko faɗin yatsa ba su bari a ciki ba. In kika ƙara jiki sai dai a yar."

Auta ta miƙa hannu za ta ɗauko tef ɗin awo.

"Ajiye shi. Kafaɗarki taƙi biyu da yatsa uku. Bara da yatsa biyu ne."

Auta ta yi sororo. Duk zuwan da take yi, Inna kan dafa kafaɗunta, ta shafo hannayenta har wuyan hannu, ita kuwa ta ɗauka fitinar tsufa ce, wani lokaci har takan zame. Ashe awo ake yi. Shekara ashirin ana auna ta, ita ko tsumma ba ta taɓa kawowa ba.

Mako biyu aka yi ana aikin. Idon ba ya iya bin gudun keke, don haka da hannu Inna ta yi, Yaya, babbar 'yarta, tana zura mata zare a allura kowace safiya kafin ta fita. Ranar da Auta ta gwada rigar, ta zauna mata cif, kafaɗa da ƙugu ba inda za a kushe. Sai dai kalmasar ƙasan. Ta hagu ta fi ta dama sauka, ɗinkin kuma yana tafiya yana kaucewa, nan ƙanana, can manya. Yaya ta gani, ta kawar da kai.

"Ta zauna?" Inna ta tambaya.

"Ta zauna, Inna."

Ranar Litinin Auta za ta tsaya gaban manyan ofis ta yi bayani, kuma ta ci alwashin da rigar za ta je. Amma da ta tsaya gaban madubi a gida, idonta ya ƙi barin gefen hagun nan, dariyar 'yan makaranta ta dawo mata sabuwa fil. Mace mai shekara talatin da biyar, wai har yanzu! Ta ninke rigar ta kai wa telan da ke bakin titi. "Kalmasar kawai za ka daidaita," ta ce. Ko minti goma bai yi ba.

A ofis kowa ya yaba. Ta ce, "Mahaifiyata ce ta ɗinka," ta faɗa har sau huɗu, kuma kowane karo daɗi take ji. Da aka tashi ta zarce gidan Inna don ta kai labari.

Inna ta miƙe tana murmushi, ta dafa kafaɗun, ta shafo hannayen, sannan ta durƙusa da ƙyar ta kama bakin rigar. Yatsunta suka fara tafiya a kan kalmasar, suka tsaya. Suka koma baya, suka sake bi.

"Hannunsa na da kyau," ta ce. "Keke ne. Ko tsalle ɗaya babu."

"Inna, gefe ɗaya ne kawai ya ɗan..."

"Ai gara da kika gyara. Da wa zai faɗa mini?" Ta dafa bango ta miƙe, ta juya wajen Yaya. "Ɗauke gwangwanin allurar nan ki sa a sama, kada jikoki su taka."

Wallahi da mari Inna ta yi mata da ya fi sauƙi. Auta ta zauna har aka kawo abinci, ba ta iya kai loma ba, Inna kuwa ta shiga hirar ciwon gwiwarta kamar ba abin da ya faru.

Washegari ba ta je aiki ba. Ta zauna a bakin tagar ɗakinta da reza, ta farke layin telan zare bayan zare. Bai yanke komai ba, ninkewa kawai ya yi, don Inna ta bar faɗin yatsa uku a ciki yadda ta saba. Auta ta ɗaga yadin ga haske. Ramukan allurar Inna suna nan, ƙanana, a jere, suna kaucewa hagu.

Ba ta taɓa koyon ɗinki ba. Sai a gwaji na biyar zaren ya shiga. Ta sa allura a ramin farko, ta soki yatsa, ta tsotse jinin, ta nemi na biyu.