Kwalkwalin Haladu Mai Walda

Haladu mai walda ne a Getso, ƙofofi da tagogi ya saba yi. Wata ranar Talata Malama Zinnira, shugabar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin, ta zo shagonsa ta nuna masa hoto a waya.

"Malama, wannan mutum ne ko ƙwaro?"

"Sarkin yaƙin Japan ne na zamanin da, Malam Haladu. Irin kwalkwalinsa muke so ka ƙera mana. Muna da gasa a Kabo ranar Asabar ta sama."

Ta ba shi labarin da ta tsara. Sarkin yaƙin, mai suna Moriyasu, yana ɗan shekara sha shida aka kashe mahaifinsa, ya gaji shugabancin dangi. Baffansa ya haɗa kai da abokan gaba don su ƙwace fadamar shinkafarsu, shi kuwa ba shi da mayaƙa sai manoma.

Labarin ya shiga ran Haladu. Ya yanka tsohon tankin babur, ya bubbuge shi, ya dasa masa ƙaho biyu masu sheƙi. Kullum da la'asar yana wurin gwajin wasan, wai ya zo duba awo, har ya haddace wasan kaf.

Ranar Asabar filin makaranta a Kabo ya cika maƙil. Sai ga Badruddeen, wanda zai fito a Moriyasu, mura ta tafi da muryarsa.

Malama Zinnira ta juyo. "Malam Haladu, saka kwalkwalin, kai za ka fito a madadinsa!"

"Ni? Da furfurata?"

"Wa zai gan ta a cikin kwalkwali?"

Ya hau dandamali a tsorace. Da ya ga 'yan wasa tsugune da fartanya suna jiran umarninsa, sai tsoron ya gudu. Ya zare takobin katako, ya daka tsawa:

"Ku da kuka shuka gonar nan, ku za ku girbe ta! Ku tashi!"

Ba 'yan wasa kaɗai ba, har 'yan kallo suka miƙe. Wani dattijo ya riƙa ihu yana cewa a kamo baffan. Mata suka rangaɗa guɗa, alƙalan gasa na tafi.

Getso ce ta zo ta ɗaya. A bayan a-kori-kura suka koma gida suna waƙa, Haladu a tsaye, ya ƙi cire kwalkwalin har suka wuce Gwarzo.