Gashin Bakin Ugam Singh

A Jodhpur akwai mutanen da ba su taɓa ganin Ugam Singh ba, amma da wuya a sami wanda bai taɓa ganin gashin bakinsa ba. Yana jikin allon da ke nuna hanyar otal tun daga tashar jirgin ƙasa, yana jikin kofunan shayi, yana jikin jakunkunan takarda da ake zuba wa baƙi tsarabarsu. Mai zanen ya bar ido da hanci, tunda ba su da wani amfani ga kasuwa. Gashin bakin kawai ya ɗauka, ƙaho biyu masu naɗewa har kunne, da rawani ruwan lemo a samansu.

Otal ɗin tsohon gidan Thakur ne, mai mulkin ƙauyukansu a da, yana gindin ganuwa. Uban Ugam ya tsare ƙofar nan da takobi lokacin da gida ne. Ugam ma da takobin yake tsaronta, sai dai an dasashe kaifinsa saboda 'ya'yan baƙi. Aikinsa shi ne ya tsaya, ya haɗa tafukan hannu, ya bari a ɗauke shi hoto. A tsakar gida akwai marina masu ƙulle yadi, da mai zanen giwaye da ɗan siririn burushi, da wata mai narka awarwaro a kan garwashi, duk an jera su a rumfa don a gani a saya. Amma ta gaban Ugam ake fara wucewa, kuma ya san da haka.

Da hantsin wata Talata wayarsa ta yi ƙara a cikin ɗamara. Sumer ne, ɗan wansa, daga ƙauye. Padam Singh, wan nasa, ya cika da asuba.

Padam ya wuce wa a wurinsa. Ubansu ya rasu Ugam bai yi wayo ba, Padam ne ya goya shi a kafaɗa, shi ya fara naɗa masa rawani, shi ya kawo shi ƙofar nan ya ce ya tsaya inda ubansu ya tsaya, sannan ya koma gonar gero bai ƙara maganar birni ba.

Ugam ya shiga ofishin Kunwar Dalpat Singh, ɗan marigayi Thakur, mai otal. Ya same shi yana duba tallan bikin al'adun gargajiya da za a yi ranar Asabar.

"Ranka ya daɗe, Yaya ya rasu."

Kunwar ya miƙe, ya zagayo tebur, ya kama hannayensa biyu. Ba a taɓa zarginsa da rashin iya ta'aziyya ba.

"Padam Singh! Kai, mun yi rashi. Ka tafi yanzu, Baba Ugam, direba ya kai ka. Itacen ƙona gawa ma daga gidan nan za a kai." Ya ɗan yi gyaran murya. "Sai dai abu guda. In wanzami ya zo, kai dai a aske shi tas, rawani zai rufe. Amma wannan," ya nuna gashin bakin Ugam da alƙalami, "a ɗaga masa ƙafa."

Ugam ya dube shi har sai da kallon ya fara zama rashin ladabi.

"Ranar da mahaifinka ya kwanta dama, duk namijin da ke gidan nan ya durƙusa gaban wanzami, har mai shayar da dawaki. Ni na riƙe maka kai, don aska tana ba ka tsoro."

"A lokacin ba mu da baƙi," in ji Kunwar. "Motoci ne cike za su zo Asabar, har da 'yan mujalla. Al'adarmu suka biyo tun daga bangon duniya. Su zo su tarar da me a ƙofa? Ƙwai da rawani?"

"Askin makoki ba al'adarmu ba ce?"

"Akwai wadda ake nunawa, akwai wadda ake bari a ƙauye." Ya koma kujerarsa. "Ba na so in ɓoye maka. In ka dawo babu shi, ba zan iya tsayar da kai a ƙofa ba. Akwai ɗaukar kaya ta ƙofar baya, ba za ka rasa abin yi ba."

Ugam ya kwance takobin, ya jingina shi da bango a ƙarƙashin hoton marigayi Thakur, ya fita.

A ƙauye aka ƙona Padam a bakin tafki. Da wuta ta lafa, mazan da suke ƙasa da shi a dangi suka jeru a tsugune a inuwar wata bishiyar ƙaya, suna jiran aska. Sumer, wanda aka riga aka yi wa tas, ya matso kusa da kunnensa.

"Baffa, direba ya gaya mana halin da ake ciki. In ka bar shi, ba wanda zai ce uffan. Kowa ya san da shi kake ci."

"Da shi nake ci," Ugam ya maimaita. "Wato har nan labarin ya iso, cewa ni gashi ne aka manna wa mutum a baya. Matsa can, kafin in manta uban wa aka ƙona yau."

Wanzamin, Mangilal, tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma bai taɓa ganin dalilin girmama shi ba.

"A'a, ga sarkin kofunan shayi! Tsuguna nan. Na daɗe ina hangen dajin nan ina haɗiyar yawu. Ka tabbata babu macizai a ciki?"

"Yi aikinka, sarkin surutu."

Mangilal ya jiƙa kan, ya aske. Da ya zo kan gashin bakin sai ya tsaya, ya rage murya.

"Ugam, da gaske? In almakashi ya shiga, babu komawa."

"Duk abin da nake da shi, Yaya ne ya ba ni," in ji Ugam. "Wannan kaɗai ni na shuka abina. Yanke."

Aska ba ta iya da shi, sai da almakashi. Ɓangarorin biyu suka faɗa kan ƙyallen wanzami ɗungurungum, ko naɗinsu bai warware ba. Ugam ya rufe ido. Ya san sauran: za a tattara gashin kowa a zuba a tafki, don gashin makoki na mamaci ne, mai rai ba ya ajiye shi, ba ya ma son taɓa shi. Iska ta bugi leɓensa na sama, ya ji kamar an tsiraita shi a kasuwa. Sai a lokacin ya yi kuka.

Da kwanakin zaman makoki suka cika, ya dawo birni da farin rawanin juyayi. Ya yi niyyar zagayawa ta ƙofar baya kamar yadda aka yanke masa, amma ƙafa ta saba, ta kai shi gaba.

Wata babbar mota tana sauke baƙi. A ƙofa kuwa akwai mutum tsaye da rawani ruwan lemo, da takobi, da gashin baki har kunne. Tapan ne, mai wankin tukwane, mutumin Bengal, wanda bai taɓa riƙe ƙarfen da ya fi ludayi tsawo ba. Ugam ya ji dariya ta taso masa, ta ɗaci. Sai ya ƙara dubawa. A ɓangaren hagu akwai silin furfura guda biyu da suka bi naɗin har ƙarshe. Ya san su kamar yadda ya san yatsunsa.

"Baba Ugam! Sannu da dawowa!" Kunwar ne ya fito da fara'a. "Ka gani? Na yi tunani bayan tafiyarka, na ce ai ba sai an ɓata wa kowa ba. Direba ya ɗauke shi daga ƙyallen wanzami kafin a zuba a ruwa. Mai haɗa gemun 'yan wasan kwaikwayo ya ɗinke shi a kan raga, ko sili bai ɓata ba. Ka yi al'adarka, mun yi bikinmu. Yau Tapan ya cire, kai ka manna abinka ka koma wurinka. Naka ne fa, babu ƙarya a ciki."

"Baba, ka cece ni," Tapan ya faɗa ta gefen baki, yana yi wa wata baƙuwa murmushi. "Ƙaiƙayi kamar kwarkwata, kuma ko miya ba na iya sha."

"Ka san daga ina ya fito?"

"An ce daga kasuwa."

"Daga bakin tafkin da aka ƙona wana. Gashin makoki ne a fuskarka, da shi kake ta yi wa mutane maraba."

Tapan ya saki takobin, ya ƙame, hannayensa a sama kamar wanda kunama ta hau wa hanci.

Ugam ya sa yatsu biyu ya ɓare gashin daga leɓensa, a hankali, don kada ya ji masa ciwo. Wani cikin baƙin ya fara tafi, saura suka ɗauka.

Bai dube su ba. Ya juya ya bi lungun shuɗɗan gidaje, ya wuce mai soya barkono da ƙullu, ya wuce masu ɗinkin takalma, ya nufi tsohuwar rijiya mai matakala. Yana jin takunsu a bayansa, da muryar ɗan rakiyarsu yana bayani da Turanci, ba ko gargada. Ugam ya tsinci kalma biyu uku, abin da tsayuwar ƙofa ta koya masa: mayaƙa, sadaukarwa, shekaru ɗari biyar. Yaron bai san abin da ke faruwa ba, amma wannan bai taɓa hana ɗan rakiya magana ba.

Ya sauka har bakin ruwa. Ya tsuguna, ya ambaci sunan Padam Singh, ya saki gashin. Ragar ta sa ya ɗan yi iyo, sannan ya jiƙe ya nutse. Ya wanke hannayensa har gwiwa, ya kurkure baki, ya yayyafa ruwa a ka. A sama, wayoyi sun jeru a bakin rijiyar kamar tantabaru.

Da ya miƙe ya tarar da Kunwar a bayansa, yana haki. Ugam ya shirya wa faɗa, har yana marmarinsa. Amma fuskar Kunwar a washe take.

"Ka ga waccan mai hular? Ta mujalla ce. Ta ce duk yawon da ta yi a ƙasar nan ba ta ga abin da ya taɓa mata zuciya irin wannan ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Ƙofa taka ce, Baba Ugam, da gashi ko babu. Farin rawanin ma ka bar shi, ya yi kyau da ruwan. Sai dai ina tunani... zan sa mai haɗa gemun nan ya haɗo wasu da gashin doki. Za a iya yin wannan duk Asabar?"

Ugam ya dubi hannun da ke kafaɗarsa har sai da aka janye shi.

"Wa ɗaya gare ni, ranka ya daɗe," ya ce.

Ya zagaye shi ya fara hawa matakala. Baƙin suka dare suka ba shi hanya, suna ta ɗaukar hoto.