Matashin Malam Modibbo

Wani dare na farin wata, jim kaɗan bayan lisha, Gwadabe baduku ya ji wata ƙara da bai taɓa jin irinta ba a Tudun Wada. Nishi ne mai kauri, kamar shanu sun haɗa kai suna ƙoƙarin tuna wani abu. Sai a yi shiru, can kuma a sake: "Hmmm!"

"Larai, kin ji?"

"Na ji," in ji matarsa. "Ba a gidanmu ba ne. Zauna."

Gwadabe kuwa ba ya iya zama idan akwai abin mamaki a kusa. Shi ne ya taɓa bin wata hawainiya tun hantsi har la'asar don ya ga inda take kwana. Ya zura riga, ya bi nishin har wani fili ta wajen hanyar unguwar Kongo.

Nan ya tarar da ƙarti cikin gajerun wanduna, sun cusa kawuna wuri ɗaya, ɗuwawu sama, idanu a ƙasa. Tausayi ya kama shi. Lalle bayin Allah sun yar da allura ne. Ya durƙusa ya taya su dubawa, sai wani abu mai kama da ƙwan jimina ya gangaro daga tsakanin ƙafafunsu ya faɗa hannunsa. Ya ɗaga kai zai tambayi mai shi, sai ya ga duk filin ya nufo shi. Ya zura da gudu. Wani ya rataye a wuyansa, wani a ƙugunsa, ya ja su kamar yadda ake jan tsumma, har ya yi tuntuɓe ya kife a kan wani layi na toka.

Maimakon duka sai aka yi ta yi masa tafi.

Shugabansu, Malam Junaidu, akawu ne a reluwe. Ya bayyana masa cewa sunan wasan ragbi, kuma ƙungiyarsu ce ta akawuna da malaman makaranta da Turawa ƙalilan.

Tun daga ranar Gwadabe bai sake fashin zuwa filin ba. Yana kawo ruwa, yana zuba tokar layi, yana koyon jefa ƙwallo baya alhali gaba ake son zuwa. Wannan ka'ida ta burge shi ƙwarai. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: riga mai ratsin kore da fari, wadda 'yan ƙungiya kaɗai ke sawa.

Ana saura kwana kaɗan mutanen Kaduna su zo wasa, ɗinkin ƙwallon ya farke, ita ke nan kuma gare su. Junaidu ya kawo ta rumfar Gwadabe.

"Ka gyara ta kafin Asabar, riga taka ce."

Yana fita, maƙwabcin Gwadabe ya leƙo. Malam Modibbo ne, dattijo mai karantar da littattafai a zaure, wuyansa a karkace.

"Gwadabe, matashin kaina fa? Tun da na kawo maka gyara, a kan buzu nake tada kai. Dubi wuyana. Ɗalibai sun zaci harararsu nake yi."

"Gobe, Allah gafarta Malam, in Allah ya yarda."

Ya rataye matashin, na fata mai ɗan tsawo, cike da audugar rimi, ya koma kan ƙwallon. Ya juya ta, ya shafa ta, har idonsa ya kawo ruwa. Shi dai ya san kowace ƙwallo a duniya mulmulalliya ce. Wannan baiwar Allah kuwa ƙarti sun yi ta kwanciya a kanta har ta miƙe, ba wanda ya kula. Ɗinke farkewa kawai aikin raggon baduku ne. Ya ware ta gaba ɗaya, ya datse tsinin nan biyu, ya ƙara jar fatar akuya a ciki, ya lallashi robar ciki har ta haƙura. Ya kwana biyu yana aiki, ya fito da ita kamar lemo.

Ranar Asabar fili ya cika, har mutanen unguwannin Gyallesu da Tudun Jukun. Gwadabe ya kwance ƙunshi a gaban ƙungiyoyi biyu, ƙirji a buɗe.

Junaidu ya zauna a ƙasa.

"Gwadabe, ina ƙwallonmu?"

"Ga ta, Malam. Ta warke."

"Haka aka yo ta! Haka ta zo daga Ingila!"

"Da tsinin?"

"Da tsinin!"

"To, su ma ba wanda ya gaya musu?"

Mutanen Kaduna suka fashe da dariya. Ba su zo da tasu ba, don mai gida ke ba da ƙwallo. Baturen da ke alƙalanci ya girgiza kai, ya ce da wannan ba za a yi ragbi ba, ya duba agogo. Gwadabe ya hangi rigar mai ratsi a ninke kan benci, ya ga wani yana shirin mayar da ita jaka.

"Mai tsini kuke so? Ku jira ni."

Ya yi gudun da ya fi na daren farko. Ya dawo yana haki, riƙe da matashin Malam Modibbo, ya ɗaure bakinsa biyu da kirtani har suka yi tsini. Baturen ya auna shi a hannu, ya jefa sama, ya cafe. Ya dubi rana da ke sunkuyawa, ya busa usur.

Junaidu ya jefo wa Gwadabe rigar. Ta matse shi a ƙirji, bai damu ba.

Wasa ya yi daɗi, sai dai duk wanda aka kayar a kan ƙwallon ba ya saurin tashi. Wani ɗan Kaduna ma sai da aka taɓa shi ya farka. Dab da tashi matashin ya zo hannun Gwadabe. Ya rungume shi, ya ja mutanen Kaduna a bayansa har layin toka, ya faɗa da dukan nauyinsa. Sai "fus!" Audugar rimi ta tashi sama ta rufe fili, tana sauka a hankali a kan kowa. Gwadabe na kwance rigingine yana kallonta, a ransa yana cewa bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

Bayan magariba 'yan ƙungiya suka rako shi gida da waƙa, Larai na leƙe ta zaure. A ƙofar gida suka iske Malam Modibbo kan buzunsa, wuya a karkace. Waƙar ta mutu. Malam ya dubi rigar, ya dubi fatar da ke lilo a hannun Junaidu, sannan ya miƙa hannu ya ciro ɗan farin abu daga gemun Gwadabe, ya kai shi kusa da fitila.

"Gwadabe, wannan audugar kamar na san ta. Ka gama gyaran matashin nawa ne?"