Ƙibar Saude a Shekarar Bado

Shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya shanye gero da shinkafar fadama, ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba, kowa a ƙauyukan Guri ya rame. Maza suka koma daga wuya sai gwiwa. Tuwon bado ake ci, 'ya'yan furen nan na kan ruwa da mata ke shiga tafki su tsinko, a shanya, a daka, a tuƙa da ɗan barbaɗen garin dawa don a yaudari ciki. Na ce kowa ya rame, to ban da Saude matar Haladu. Ita kam kullum sai ƙara cika take yi.

Abin ya faro tun bayan haihuwarta ta ƙarshe, shekara uku da suka wuce. Da fari ma yabo ake yi. Mata su tare ta a bakin rijiya suna dariya, "Kai, Haladu ya iya kiwo!" Ita ma ta murmusa ta wuce. Amma ƙibar da ake yaba wa a shekarar ƙoshi, a shekarar yunwa sunanta daban. Yanzu in ta doso, sai hira ta mutu, idanu su bi damatsanta.

Kuma wallahi ba zama ta yi ba. Ta rage cin abinci har ya koma loma uku. Ta riƙe azumin Litinin da Alhamis. Ta sha jiƙon tsamiya, ta sha sabara, ta sha kanwa har cikinta ya dinga kuka. Ita ce farkon shiga tafki, ita ce ƙarshen fita, ta dawo ta karɓi taɓarya ta yi dakan gida duka. A banza! Zani ya ƙi haɗuwa. Munduwar aurenta ta nutse a hannu, sai da aka kai ta wurin maƙeri ya yanke, yara sun kewaye suna kallo. Fuskarta ta kumbura, gashinta yana zuba a kan mataji, muryarta ta yi kauri. Ga wani sanyi da take ji ko da rana ta take tsaka, ga barci da ke fizgarta tana tsaye a kan turmi.

Gidan nasu na gandu ne, tukunya ɗaya. Iya, uwar Haladu, ita ce babba. Sai Haladu, ɗanta na fari, da ƙanensa Shu'ibu da matarsa Mairam, da yara. Shekara goma sha biyar ke nan Iya ta damƙa wa Saude mara, ɗan ɓarin ƙwaryar nan da ake kwasar tuwo da shi, ta ce ita za ta dinga rabo. Wanda aka ba rabon tuwo an ba shi amanar gida. To ga mai rabo tana ƙiba, waɗanda ake raba wa suna bushewa. Me kake so mutane su ce?

Akwai abin da Saude take ɓoyewa, gaskiya ne. Tana da 'yar fari, Binta, da ke aure a unguwar masunta, tana goyon jariri ɗan wata huɗu, gidan mijinta kuwa ko badon ma ba ya isa. A garin nan mace mai kunya ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san yana duniya, balle a gaban uwar miji. Shekara goma sha tara Saude ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba, "waccan" take cewa. Amma ranar da ta hango ta a bakin kogi tana wanki, ƙasusuwan wuyanta a waje, jaririn yana tsotson nono yana saki yana tsala ihu, sai ta kasa kau da ido.

Tun daga ranar, in ta yi rabo sai ta shige ɗaki da akushinta. Ta ci loma biyu, ta naɗe sauran a ganye, ta cusa ƙarƙashin kayan wanki. A bakin kogi ta ajiye ƙunshin kusa da ƙwaryar Binta kamar mantuwa ta yi, ta wuce can gaba ta tsuguna. Ba ta kallonta, ita ma Binta ba ta ɗago kai. Wata biyu suna haka, ko sannu ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Mairam ce ta gani. Ba muguwa ba ce Mairam, uwa ce mai 'ya'ya uku da ke kwana da yunwa. Wata safiya ta ɗaga kayan wankin Saude tana neman sabulun salo, sai ga malmala a ganye. Ta ɗauko ta kai gaban Iya.

Iya ta sa aka kira Saude tsakar gida. "Ke 'yar nan, mene ne wannan?"

Saude ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Haba Yaya!" in ji Mairam, hawaye na zubo mata. "Yarana suna lasar akushi, ke kina kai tuwo bakin kogi ki ci a ɓoye? Dubi jikinki, ki dubi namu!"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ta, tana nan a bakinta. Amma ta ce wa uwar mijinta 'yar farinta take ciyarwa? Ta ji gara a kira ta ɓarauniya. Ta yi shiru, shirun nan kuwa kowa ya ɗauke shi amsa laifi. Iya ta miƙa hannu, Saude ta tashi ta ɗauko mara ta ba ta, Iya ta miƙa wa Mairam.

"Daga yau a gabana za ki dinga ci," in ji Iya.

Kwana tara ta yi tana cin tuwo a gaban mutane, kowace loma da idanu a kanta. Haladu ya daina haɗa ido da ita, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Yara a waje suka sa mata suna Rumbu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cinta shi ne bakin kogi, inda take zuwa hannu wofi, ta ga Binta ta saci kallon gefen ƙwaryarta ta mayar da kai. Kukan jaririn ma ya fara yin ƙasa-ƙasa.

Rana ta goma masu lamba, wato rigakafin cutar agana, suka iso garin daga Haɗeja, bulama ya ce kowane gida a fito. Babbansu wani malamin asibiti ne, Malam Fannami, Babarbare mai furfura a gemu. Mutanen gidan Iya suka jeru a zaure. Da layi ya zo kan Saude, ya kama damtsenta zai tsaga, sai ya tsaya. Ya taɓa fatar, ya dubi girarta da ta zube, ya ce ta haɗiyi yawu yana kallon wuyanta.

"Baiwar Allah, kina jin sanyi ko ana zafi?"

Ta gyaɗa kai.

"Barci fa? Muryar nan haka take tun da?"

"A'a," in ji ta, da ƙyar.

Wata mata daga baya ta ce, "Malam, ciwon cin rabon yara ne." Aka yi 'yar dariya. Saude ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Fannami bai yi dariya ba. Ya juya wajen Iya. "Iya, wannan jikin ba tuwo ne ya kawo shi ba. Akwai wani ɗan nama a nan gaban maƙogwaro, shi ke hura wutar jiki. In ya yi sanyi, mutum ya dinga kumbura ko da ruwa kaɗai yake sha. Yakan sami mata bayan haihuwa. Na ga irinsa sau biyu. Ban rantse ba, likita ne zai tabbatar, amma ku kawo ta Haɗeja, akwai ƙwayar da ake bayarwa."

Mairam ta rufe baki da gefen mayafi.

Da baƙi suka tafi, Iya ta zauna a kan tabarmarta a tsakar gida, ta daɗe tana kallon Saude. Haladu yana tsaye a bakin rumbu.

"To na ji, ba ci ne ya ƙibantar da ke ba," in ji Iya. "Tuwon da kike ɓoyewa fa, ina yake zuwa?"

An riga an wanke ta, tana iya yin shiru a bar maganar. Amma shiru ba zai kai tuwo unguwar masunta ba. Ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska, gumi yana keto mata duk da sanyin da take ji.

"Binta," in ji ta. "Nononta ya ƙafe."

Sunan ya fito da ƙatuwar muryar nan tata, kowa ya ji. Mairam ta ce, "La ilaha illallahu!" Haladu ya juya baya. Saude kuwa kunyar da ta ji a lokacin ta fi ta ranar da aka karɓe mara, ta fi ta ranar maƙeri. Ta kife kai a gwiwa tana jiran faɗa.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ce Mairam ta kawo mara. Ta juya ta a hannu, ta ajiye a gaban Saude.

"Daga yau akushi ɗaya ya ƙaru a gidan nan. Mairam ce za ta dinga kaiwa, da rana tsaka, kowa yana gani." Ta kau da kai daga wajen rumbu, inda Haladu ke tsaye. "A babbar yunwar da aka yi kafin zuwan jirgin ƙasa, ni a cikin tulu nake ɓoye nawa saboda wancan. Ba wanda ya kama ni."

Sannan ta ɗaga murya, ba tare da ta dubi ɗan farinta ba. "Kai wancan, gobe ka nemi jaki ka kai ta Haɗeja."

Haladu ya gyaɗa kai. Saude ta sa hannu ta ɗauki mara, fuskarta har yanzu a rufe.