Ɗigon Shuɗi Cikin Hatsi

Mardiya ta daɗe tana aikin ungozoma a Tasawa, kuma ƴaƴanta biyu can suka buɗe ido. Da hutun lakwal ya zo aka rufe makaranta, damina ta yi tsaka, sai ta kwaso su zuwa ƙauyensu, kusa da Gidan Amumune. Ikram mai shekara shida ta ɗauka gyaɗa bisa icce take yin ƴaƴa. Jin haka ya sa Mardiya ta ce bayan azahar za su taka har gonar mahaifinta su gani da idonsu.

"Ki bari ƙanenki Rayyanu ya komo daga kasuwa, ya kai ku bisa moto," in ji Baba.

"Haba Baba, gonar da na yi ƙuruciya cikinta?"

Duk da haka, kafin su fita ta buɗe taswirar da ke cikin salularta ta sa wa gidan alamar tauraro. Ta saba yin haka in sun fita rigakafi ƙauyuka.

Tafiya ta yi daɗi. Muzammil, ƙanen Ikram, ya yi ta bin fara yana faɗuwa cikin rairayi. Da uwar ta tuge gindin gyaɗa ɗaya ta kakkaɓe, Ikram ta riƙe baki, ta ce lalle sai ta tafi da shi Tasawa ta nuna wa madam ɗinsu, malamar ajinsu.

A komowa ne Mardiya ta ce bari su yanke ta wata ƴar hanya da ta sani tun tana yarinya. Ba su yi nisa ba hanyar ta ƙare cikin gonar wani, an nome ta. Ta juya baya, ta rasa inda suka shigo. Hatsi ya fi ta tsawo ta ko'ina, kowane gawo kamar ɗan'uwansa. Ta ɗaga kai ta ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen hatsi.

Ta tsaya cak. Ta ciro salula: babu rezo ko kaɗan, batir kuma ya koma ja. Amma taswirar na nan ajiye ciki, ga ɗan ɗigon shuɗi yana motsi. Ta durƙusa tsakanin yaran, ta daidaita murya.

"Kun ga ɗigon nan? Mu ne. Tauraron can gidan Baba ne. Wasan shi ne mu kai ɗigo wurin tauraro kafin ruwa ya riga mu."

Suka kama tafiya tsakanin kunyoyi. Can ta duba, ta ga ɗigon nesa yake ƙara yi da tauraro. Ta juya da su. Wannan karon ya fara matsowa. Ta riƙa kashe fuskar salular tana kunnawa sai in ta kama dole, don batir ya kai su.

Sai ga kwari a gabansu, cike da ruwan da aka yi shekaranjiya. Taswira ba ta san da shi ba, fili kawai ta nuna. Muzammil ya zauna ƙasa ya fashe da kuka, ya ce ƙafarsa ta mutu. Mardiya ta cire mayafi ta goya shi, ta kama hannun Ikram, suka bi bakin ruwan suna neman inda ya ƙare.

"Mama, mun ɓace ne?" in ji Ikram a hankali.

Ta so ta ce a'a, amma yarinyar ta kafe ta da ido.

"Mun ɓace kaɗan. Riƙe ni da kyau."

Inda ruwan ya tsuke suka tsallake, suka faɗa kan hanyar amalanke. Ta duba salula, ta ga hanyar ta miƙe sak zuwa tauraro, daga nan fuskar ta ɗauke baki ɗaya. Ba ta ƙara waiwaye ba. Sun ɗan taɓa tafiya sai ta jiyo ƙarar injin niƙan garinsu, ƙarar da kullum take cewa tana sa ta ciwon kai. Ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta ce alhamdu lillahi a fili.

A bakin gari suka iske Baba tsaye da sandarsa, iska na kaɗa masa riga. Ya riga ya tura Rayyanu gona bisa moto. Ya dube ta daga sama har ƙasa, sannan ya juya ga jikarsa.

"Amarya, ina kika kai mini ɗiya?"

"Mun ɓace kaɗan!" in ji Ikram, tana ɗaga masa gindin gyaɗarta.

Suna shiga zaure ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mardiya ta kwance goyo, ta ga Muzammil ya yi barci tuni, takalminsa ɗaya babu. Ta zauna bisa tabarma, ta jingina da bango tana dariya ita kaɗai, har Rayyanu ya shigo jiƙe sharkaf yana tambayar ta ina suka bi.