Malamin da Yake Cewa "Da Kyau"

Sati biyu Malamin Turanci ya yi yana koya wa 'yan aji biyar yadda ake ɗaure jimla da jimla da who da which. Ran Laraba ya rubuta musu rabin jimla a allo: My teacher is a man who… Ya ce kowa ya ƙarasa. Washegari sufeto zai zo duba littattafai, kuma yana so a ga aiki.

Da aka tashi tara ya kwashi littattafan zuwa ofishin malamai, ya zare jan biro. Na monita ne a sama. Da rubutunta mai tsabta ta ce malaminsu mutum ne wanda kunnensa ba ya ji.

Biron ya tsaya a iska.

Shekara biyu ke nan da kunnensa na dama ya mutu, na hagu kuma yana bin sahu. Ko uwar 'ya'yansa bai gaya wa ba. Ya ga yadda aka yi da wani malami da idonsa ya yi rauni: aka raba shi da aji, aka ajiye shi a sito yana gadin alli. Shi kuwa ya ɗauka ya iya ɓoyo.

Ya buɗe na biyu: wanda yake kallon bakinmu in muna magana. Na uku: wanda ba ya sanin an kaɗa ƙararrawa sai mun miƙe. Na Dogo, da ke zama a bencin ƙarshe, shi ne ya fi duka: wanda yake cewa "da kyau" ko ka ce masa akuya ta cinye takalminka.

Sau nawa ya ce "da kyau, zauna" a shekara biyu? Amsa nawa ta banza ya sa wa albarka, yara suka tafi da ita gida?

Cikin littafi talatin da shida, ashirin da tara zancen kunnensa suke. Kuma Turancin babu kuskure. Ya nemi inda zai ja jan layi ya rasa.

Malamin Lissafi ya jawo kujera ya zauna ta hagunsa. "Mutumina, ka ga fatalwa ne a littafin?"

Ya tura masa na Dogo. Malamin Lissafi ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Ja'irin yaro. Amma ka koyar, wallahi."

"Ba ka yi mamaki ba?"

"Kai a tunaninka son ka nake da kullum nake zama ta hagunka?"

Ana cikin haka, Hedimasta ta shigo karɓar littattafan sufeto. Shafi ɗaya ne a kowane littafi, yagewa ba za ta ɗau minti biyar ba. Da ya ce ta dawo an jima, da ta dawo.

Ta tsaya daidai gabansa, ta buɗe baki sosai, tana fidda kalma ɗaya bayan ɗaya. "Malam, ka gama?" Sai a lokacin ya lura haka take masa magana tun bara.

Ya bi littattafan da maki, ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye. Ya haɗa ya miƙa mata.

"Ranki ya daɗe, ki karanta kafin sufeto ya karanta. Kuma ina neman izinin zuwa asibiti ran Litinin."

"Takardar izinin tana cikin durowata," in ji ta. "Ta kusa yin tsufa."

Bai ji ƙararrawa ba, ya dai ga malamai sun miƙe. A aji ya yi tambaya, ya nuna Dogo. Bakin yaron ya motsa daga can baya. Duk aji ana jiran "da kyau".

Malam ya ajiye allin, ya taka har bencin ƙarshe, ya sunkuya ya ba shi kunnen hagu.

"Maimaita," ya ce. "Ban ji ba."